Na'urar da ta Tona Asiri

Da allon lantarki a hannu wata ɗaliba ta faɗo shagon gyaran waya, allon yana ta warin ƙuna.

"Malam, cif na uku ke nan na ƙona, ga shi sati biyu ya rage in gabatar da aikina gaban malamai!"

Mai gyaran waya ya ajiye dalma ya duba. Na'urar naɗar kira take haɗawa: ɗan cif mai ƙafafu kamar kyankyaso zai gane an ɗaga waya, ya zuba maganar a mamori.

"Injiniya, ai wayoyin wuta kika juya," ya ce yana danne dariya.

Ta harare shi, amma washegari ta dawo. Kullum tana tashi daga aji sai shagon, shi yana liƙi, ita tana rubuta wa cif umarni. Mai Dalma take ce masa.

Ranar gwaji ya fita bakin titi ya kira ta. Jar fitila ta kama.

"Tana naɗa! Wallahi tana naɗa! Faɗi wani abu!"

"Gwaji, ɗaya, biyu... Injiniya, ni fa sonki nake."

Ta rufe fuska da mayafi.

Ta ci jarrabawa da babban maki. Don zumuɗi ta kunna wa Baba na'urar a falo, ta manta ba ta goge maganar ranar gwaji ba. Muryar Mai Dalma ta cika ɗakin. Baba ya tsare ta da tambaya, ta faɗi ko wane ne.

"Mai gyaran waya?" Baba ya miƙe. "Ga ɗan aminina likita yana jira?"

Ta rubuta wa Mai Dalma: "Mai Dalmana, asiri ya tonu. Baba ya hana ni zuwa shagonka."

Ya amsa: "Share hawayenki, Injiniyata. Ki bi maganarsa, ni ba inda za ni."

Cikin wata guda duk ta rame. Sai ga wani dattijo a shagon, wai wayarsa ta mutu.

"Lafiyarta ƙalau, Baba, datti ne ya toshe ta. Kada wani ya ce ka canja komai."

Dattijon ya ƙura masa ido. "Ce 'gwaji, ɗaya, biyu' in ji."

Burushin goge waya ya suɓuce daga hannun Mai Dalma: ashe babanta ne.

"Turo magabatanka," Baba ya ce yana murmushi.

Ranar aure Mama ta rungume ta tana kuka. Baba ya dafa kansu: "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari."

Ango ya riga kowa cewa amin, har ɗakin ya kwashe da dariya.