Kafinta Mai Yatsu Takwas

"Karanta min da bakinki."

Kafinta ya ajiye takardun a kan teburin Dakta, hannunsa duk garin katako. Shekara biyu suna soyayya, saura wata guda aurensu, bai taɓa shigo mata ofis a jami'a babu sallama ba sai yau.

Makalarta ce, wadda take jiran ƙarin girma da ita, a kan abin da ke kashe sana'ar gado.

"Masoyina, zauna mana..."

"Shafi na tara."

Ta san abin da ke ciki. Wani uba ne mai taurin kai, ya ƙi sayen injin yankan katako, ya kori ɗansa don ya kawo shawarar, ya rasu ba su shirya ba. Kafinta ne ya ba ta labarin mahaifinsa, a kan benci bayan shago, yana share hawaye da gefen riga.

"Ai ban sa suna ba! Ƙa'idar bincike na bi, wallahi."

"Kin cire suna, kin bar yatsu biyun da zarto ya cinye wa Baba. Kafinta nawa kika sani mai yatsu takwas?"

Bai jira amsarta ba.

"Jiya malamin nan da kika ƙi aura ya raba wa ɗalibansa takardar, yana sane ƙanwata na ajin. Ita ya sa ta tashi ta lissafo kurakuran marigayin, ana dariya. Da ma Mama ta ce mai yawan karatu ba ta riƙe sirri, ni kuwa na yi ta kare ki."

"Ka yafe ni, abin ƙaunata... ban yi tunani ba."

"Na yafe. Ki janye ta kawai, ni zan lallashi Mama."

Tana son sa, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Amma shekara huɗu ta ci a kan makalar, kwamitin ƙarin girma kuma Litinin zai zauna. Mai hali ba ya fasa halinsa, sai ga ta ta jawo biro.

"Akwai mafita uku. In muka ɗaga bikin har ƙura ta lafa bayan zaman kwamiti..."

Ya daɗe yana kallon biron.

"Uku. Ni ɗaya na zo da ita, Malamata."

Ya ja mata ƙofar a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi ma da ya fi mata sauƙi.

Ta samu ƙarin girman, har da ofis mai taga biyu. Makalar ta shiga manhaja, dole ta koyar da ita da kanta. Wata rana wani ɗalibi ya ɗaga hannu.

"Malama, shi ɗan kafintan, me ya faru da shi daga baya?"

Ta juya ga allo don kada su ga idonta.

"Ya yi aure. Ranar Asabar."

"Zai fito a jarrabawa?"

"A'a," ta ce. "Kada ku rubuta."