Bidiyon da Jailson Ya Ƙi Gogewa

Ranar Lahadi ce, Dona Graciete ta sauke kifi da dankali ta zuba musu man zaitun, amma babu wanda ya ɗauki cokali. Mijinta, Senhor Armindo, ya jingina wayarsa da kwalbar ruwa ya juya ta wajen 'yarsu Benedita, wadda ake kira Dita. Bidiyo ne wani maƙwabci ya turo masa. Jailson ne a ciki, saurayi baƙar fata da Benedita ta kawo gida wata uku da suka wuce, yana tsaye kusa da tashar jirgin ƙasa ta Amadora, hular rigarsa a ka, yana zuba waƙar hip-hop da harshen iyayensa na Cape Verde, abokansa a baya suna kaɗa hannu.

"Wannan ne mai natsuwar da kike ba mu labari?" in ji uban.

Benedita ta ce shi ne, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa yana waƙa ba. Ta tambaye shi ko ya gane kalma ɗaya a ciki. Ya ce ba ya buƙata, ya ga kayan jikinsu, ya ga unguwar, kuma kullum yana ganin irinsu a labaran talabijin.

"Baba, lif na hawa bene yake gyarawa, shekara bakwai a kamfani ɗaya. Ko giya ba ya sha, kai kuwa kana sha."

Uwar ta mintsine ta a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Senhor Armindo ya miƙe ya kafa sharaɗi: yaron ya goge bidiyoyin ya bar waƙa, in ba haka ba kada ya ƙara taka masa gida, kuma shi ba zai riƙe hannunta ya kai ta coci ba. Benedita ta shige ɗaki tana kuka, abincin ya huce a tebur.

Washegari ta sami Jailson lokacin hutun cin abincin rana, ta roƙe shi ya sauke bidiyoyin, ko da na ɗan lokaci ne, har a ɗaura aure. Ya daɗe yana juya kofinsa kafin ya tambaye ta ko ita ma ta san abin da waƙar ke cewa. Ta sunkuyar da kai, don kiɗan kawai take ji.

"A kan aikina ce," in ji shi. "In gyara lif, in shiga in gwada, mace ta shigo ta ƙanƙame jakarta. A garin nan aka haife ni, kamar ke, amma kullum sai an tambaye ni daga ina na zo. Wuni nake ina murmushi don kada a ji tsorona, Dita. A waƙar nan kaɗai nake magana da muryata, ita ma in ba babanki?"

Ta ce ashe waƙa ta fi ta daraja. Ya ce ashe ita ma wani mutum daban take so ta aura. Suka rabu kowa ransa a ɓace, mako biyu babu kira babu saƙo.

Benedita ce ta fara saukowa. Ta sa wata abokiyar aikinta ta fassara mata waƙar baiti-baiti, da ta gama ji sai kunya ta kama ta. Ta kira shi ta ce kada ya goge komai, su je su yi aurensu ko da uban ko babu shi. Jailson ya ƙi. Ya ce ba zai raba ta da mahaifinta ba, don kada gobe a ce dama abin da aka zata kenan. Za su jira. Duk Lahadi yakan aiko da gaisuwa, duk Lahadi Senhor Armindo yakan yi kamar bai ji ba. Wata takwas aka yi a haka, Benedita ta rame, gidan ya koma ba a hira sai ƙarar talabijin.

Dona Graciete kuwa ta fara taya su neman gidan haya a ɓoye. Ta kira wani mai gida a unguwar Benfica, ya ce su zo ƙarfe huɗu. A ranar, Benedita na wurin aiki, don haka uwar ta tafi da Jailson. Ita ta fara hawa benen yayin da yake neman wurin ajiye mota. Mai gidan ya tarbe ta da fara'a, ya buɗe tagogi, ya ce ko yau suka shirya ga mabuɗi. Sai Jailson ya shigo ya yi gaisuwa. Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya duba wayarsa, ya ce kash, yanzu matarsa ta sanar da shi an kama gidan tun da safe.

Jailson ya yi masa godiya ya juya. A bakin titi Dona Graciete ta tambaye shi me ya sa bai ce komai ba.

"Wannan ne mai gida na huɗu da ya yi mini haka, Dona Graciete. In na ɗaga murya 'yan sanda zai kira, kuma kin san wanda za su fara riƙewa."

Da ta koma gida ko jakarta ba ta ajiye ba ta kashe talabijin, ta ba mijinta labari tun daga farko.

"Na kalli mutumin nan yana kallon yaron, Armindo, sai na gan ka. Shekara talatin da biyu ban taɓa jin kunyar zama matarka ba sai yau."

Kwana uku Senhor Armindo yana shiga yana fita kamar baƙo. A rana ta huɗu ya karɓi lambar Jailson ya kira shi da kansa, suka haɗu a shagon shayin unguwa. Ba mutum ne da ya iya ba da haƙuri ba. Ya ce shi direban tasi ne har ya yi ritaya, kuma bai san sau nawa ya ga baƙar fata ya ɗaga hannu a titi ya wuce shi ba, yana cewa a ransa taka-tsantsan ne. Jailson ya ce wataƙila har da shi a ciki. Tsohon ya gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

A watan Satumba aka yi auren. Har yau Senhor Armindo yana cewa kiɗan nan ciwon kai yake sa masa, amma shi ya riƙe hannun 'yarsa har gaban limamin coci, kuma da bakinsa ya kira Jailson ɗansa a gaban dangi.

Wanda ya yanke wa mutum hukunci da launin fatarsa ko rigar jikinsa, kafin ya saurari abin da yake faɗa, ya yi zalunci, kuma sau da yawa na cikin gidansa ne ke fara shan zafin. Jailson da Benedita ba su sayar da gaskiyarsu ba, ba su kuma yar da iyaye ba. Sun jira, jiran ya yi ɗaci, amma sun shiga gidansu da albarka.