Ba a Kira Hafizu Ba

Ranar Talata ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa bayan gidajen Jega Magaji. Luba tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. 'Yarta Asma'u, mai shekara goma sha shida, tana zaune a kan turmi tana yanka albasar miya, ɗaure da wani shuɗin zanen saƙi da ta fara sawa a ranar. Maigidan, Malam Labbo, yana tsugune da buta yana alwala. Ladan bai riga ya taɓa lasifika ba, amma kajin gidan sun shige akurki tun ɗazu ba tare da kowa ya kore su ba.

Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Luba ta ɗaga kai da muciya a hannu. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku, kowanne da tazararsa, kamar mai jifan yana ƙirgawa. Labbo ya zura takalmi ya fita da niyyar cin mutuncin ɗan wani. Lungun babu kowa, ko akuya.

Da ya dawo, Asma'u ta ajiye wuƙa. Tana zaune a miƙe, idanunta a buɗe, ba ta kallon kowa. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, mai kaushi, kuma ba ta sauri.

"Hafizu Surajo, saƙonka ya iso ɗakin saƙonni. Ka zo da katin shaidarka ka karɓa kafin kwana goma sha huɗu."

Sau uku ta faɗa. Sai ta sulale daga kan turmin, kanta ya bugi ƙasa.

Luba ta saki muciya ta rungume ta tana salati. Can ta juyo wajen mijinta. "Malam, wane na Hafizu?"

"Ban san shi ba," in ji Labbo.

Fuskar yaron dai bai taɓa gani ba, wannan gaskiya ne. Amma kalmomin nan nasa ne, harafi da harafi.

Shekara goma sha ɗaya Labbo yana riƙe da ɗakin saƙonni na wata kwaleji a wajen Aliero. Aikin ba shi da wahala. Direba ko ɗan aike ya kawo ƙunshi, Labbo ya rubuta sunan ɗalibi da lambar wayarsa a babban littafi, ya ɗora kayan a kanta. Daga nan ya tura wa ɗalibin saƙon waya. In bai zo ba a sake turawa bayan kwana huɗu, a sake na uku bayan wasu huɗun. Kowane saƙo ya fita, a ja alama ɗaya da biro a gaban sunan. Kwana goma sha huɗu suka cika ba a karɓa ba, a mayar wa mai shi. Labbo yakan yi alfahari da littafin nan, yakan ce ko alƙali ya duba ba zai samu gyara ba.

Sai dai Labbo yana da gonar albasa a Kimba, kuma lokacin cire albasa hankalinsa ba ya zama a kujera. Ya ƙirƙiro wa kansa dabara. Ƙunshi na shigowa sai ya ja alamun nan uku a lokaci guda, da niyyar ya tura saƙonnin da yamma in ya dawo daga gona. Yawanci yakan tura. Ɗalibai ma sukan leƙo da kansu, don duk wanda aka aiko wa kaya daga gida ya riga ya sani.

Wata bakwai da suka wuce, wani direban Maiyama ya kawo ƙunshi a naɗe da shuɗin zane, an ɗaure shi da igiyar rama. Labbo ya rubuta suna, ya ja alama uku, ya hau babur. Da yamma ya dawo a gajiye, ya manta. Washegari ma haka. A kwana na goma sha ɗaya aka tsinci mai ƙunshin, Hafizu Surajo, kife a kududdufin bayan ɗakunan kwana. Farfaɗiya ce ta kayar da shi yana wanki, ruwan bai kai gwiwa ba.

Bayan mako guda kawun mamacin ya zo kwashe kayansa, ya biyo ta ɗakin saƙonni yana tambayar wani ƙunshin magani da uwar yaron ta aiko. Ƙunshin yana ƙarƙashin tebur inda aka sauke shi daga kanta, yana taɓa ƙafar Labbo. Tsoro ya kama shi, tsoron aikinsa da tsoron bakin mutane. Ya buɗe littafin ya juya wa mutumin. Ga alama uku. An kira shi sau uku bai zo ba, kayan kuma an mayar tasha. Mutumin ya girgiza kai ya yi godiya ya tafi. A ranar nan Labbo ya zuba maganin a masai, ya cusa zanen a ƙasan akwatinsa. Da Luba ta ci karo da shi wajen kakkaɓe kaya, ya ce ai Asma'u ya saya wa, mantawa ya yi.

Laraba da magariba duwatsun suka dawo, uku. Alhamis ma uku. Kullum Asma'u sai ta karanta saƙon nan sau uku ta faɗi. Tsakanin magariba da magariba ba ta magana, ba ta cin abinci sai ruwan da aka ɗura mata. An kai ta asibiti, suka auna abin da za su auna, suka ce ba su ga komai ba. Zanen kuwa ya ƙi rabuwa da ita. Luba ta gwada kwance shi, yarinyar ta riƙe mata wuyan hannu har sai da wurin ya kumbura.

Gidan ya yi shiru irin na gidan makoki. Maƙwabta sun daina aiko yara ɗiban wuta. Luba ta rame a kwana uku, tana zaune a bakin gado tana kore wa 'yarta ƙuda. Labbo kuwa ya zama mutumin masallaci, ya fi kowa daɗewa a sujada, ya fi kowa gudun haɗa ido da matarsa. Yana son 'yar nan fiye da ransa, amma har yanzu yana fatan abin ya wuce ba tare da ya buɗe baki ba.

Ranar Juma'a ƙanin Luba ya ɗauko Malam Sahabi daga Maiyama. Tsoho ne siriri, ba ya dukan marar lafiya, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya nemi tabarma da ƙwaryar ruwa, ya zauna a tsakar gida yana jan carbi har inuwa ta cinye bangon gabas. Aka fito da Asma'u aka zaunar gabansa, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Dutse na farko na faɗowa ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya cik. Jikin yarinyar ya soma karkarwa, yatsunta suka lanƙwashe, gumi ya jiƙe mata wuya. Sai ta ɗago kai, aljanar da ke jikinta ta yi magana.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ta ke?"

"Sunana ba shi yi maka amfani. Bayan rumbun Zaituna nike zaune, can Giwa Tazo. Ina nan anka kawo ta amarya, ina nan ta haihi Hafizu."

"Kina salla?"

"Ina yi."

"To mi yarinyag ga ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Zanen Zaituna na gani jikinta. Tambayi wancan da ke raɓe bakin zaure inda ya samo shi."

Luba ta waiwaya. Labbo ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labari ga yara. Hafizu ya zo hutu ya ce wa uwarsa ya gaji da magani, abokan ɗakinsa na yi masa kallon marar lafiya, kada ta sake aiko masa. Suka rabu ba daɗi. Ita kuwa ta san na hannunsa ya kusa ƙarewa. Ta sayo ƙwayoyin asibiti, ta haɗa da rubutu, ta naɗe a zanenta don ya ji ƙanshin gida ya huce, ta aika ba ta gaya masa ba. Aljanar ta bi ƙunshin don ta ga isarsa. Kwana goma sha ɗaya tana kan kantar nan tana jiran wayar yaron ta yi ƙara.

"Anka koma anka ce mata an kira shi sau uku ya ƙiya. Wata bakwai ke nan, Malam, ba ta ce Allah shi jiƙan shi ba. Kullum magariba ta zauna bakin ɗaki ta ce ya zaɓi mutuwa da shi karɓi hannunta, ba ta yahe ba. Ni ke jin ta. In na shiga jikinta in gaya mata, jikinta ba shi ɗauka, ta tsuhwa."

Malam Sahabi ya juya. "Labbo, gaskiya ta?"

Labbo ya ɗago kai. Ya kalli Asma'u, leɓunanta sun tsattsage, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ya durƙusa. "Gaskiya ta. Ban tura ba. Ko guda ban tura ba."

Luba ta janye 'yarta ta ƙara matse ta a jikinta, nesa da shi.

"Kin ji ya amsa," in ji malamin. "Hita. Zalunci na ki kama wadda ba ta ci ba ta sha ba."

"Ina zama har wata bakwai, kamar yadda Zaituna ta zauna."

"Ko kwana guda ba ki ƙarawa."

"To shi tahi shi hwaɗa mata da bakinai. Sa'annan in hita."

"Ki hita yanzu, shi tahi gobe."

Wata dariya marar daɗi ta fito daga bakin yarinyar. "Wanga? Mai jan alama tun bai yi aiki ba? In hita bisa alkawalinai?"

Malamin bai tsaya kare Labbo ba. Sai ya ce, "Bisa nawa za ki hita. Ni za ni kai shi da ƙahwata."

Muryar ta sassauta.

"Na yarda. Amma in rana ta hwaɗi gobe Zaituna ba ta ji ba, ina dawowa, kuma yarinyag ga ba ta sake magana da muryarta."

Malamin ya sa ta rantse, ta rantse. Ya ci gaba da karatu yana yayyafa ruwa. Ƙafar Asma'u ta hagu ta miƙe, babban yatsan ya yi rawa, ta yi atishawa sau ɗaya mai ƙarfi. Zanen ya kwance da kansa. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nike ji." Luba ta fashe da kukan da ta riƙe tun Talata.

Washegari da hantsi suka isa Giwa Tazo, Labbo da malamin. Aka nuna musu gidan. Inna Zaituna tana zaune a inuwar rumbu tana tsince gero a faifai, ƙaramar mace, idanunta sun yi fari-fari. Suka yi sallama ta amsa. Labbo ya durƙusa ya ajiye zanen a gabanta. Ta shafa shi da tafin hannu, ta gane, hannun ya tsaya.

Ya faɗi komai, tun daga albasa har zuwa masai. Bai rage ba, don rana tana tafiya kuma ya san abin da ke jiran 'yarsa. Tsohuwar ba ta katse shi ba. Da ya gama, ta ɗago kai daga geron.

"Ko sau guda ba a kira shi ba?"

"Ko sau guda, Inna."

"Bai san na aiko ba."

"Bai sani ba."

Ta ajiye faifan a hankali, kamar tana tsoron ya fashe. "Ashe ɗana bai ƙi ni ba." Ta juya wajen malamin. "Malam, wanda uwa ta yi hushi da shi wata bakwai shina kwance cikin ƙasa, in ta yahe yanzu, shina ji?"

"Allah na ji, Inna," in ji Malam Sahabi, bai ɗago kai ba.

Ta ɗauki zanen ta dafa bangon rumbu ta miƙe. Labbo ya matso da gwiwa, hawaye na bin gemunsa. "Inna, don Allah ki yahe min."

Ta tsaya ba ta juyo ba. "An ce ɗiyarka ta kwanta. Ta tashi?"

"Ta tashi."

"To tahi wurinta. Yahiya guda gare ni yau, ta Hafizu ta, ita ma ta makara."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Suna nan durƙushe suka ji ta fara kiran sunan ɗanta.