Wasiyyar Malam Mainasara

Ranar Laraba da hantsi wata budurwa mai suna Zulaihat ta shigo ofishin 'yan sanda na Kiru tana kuka. An sace wasiyyar kakanta Malam Mainasara, gobe kuma alƙali zai raba gado.

Sufeto Kamaluddeen ya gane matsalar nan take. Mahaifinta ya riga kakan rasuwa, don haka ba ta da gado. Tsohon ya bar mata sulusin lambunsa a rubuce. Takardar nan ce kawai tsakaninta da titi.

A ƙauyensu Ɗansoshiya ya duba adakar mamacin, inda ake ajiye wasiyyar. Ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗon. Ɓarawo mai ladabi ke nan, da mukulli ya buɗe!

Matar mamacin, Iya Saude, tana takaba. Ta bayan labule ta amsa gaisuwa.

"Iya, ina mukullin yake kwana?"

"A wuyana."

"Kin taɓa ba wani?"

"Ban ba kowa ba, ɗan nan."

Ƙarya ce, amma tausayi ta ba shi. Ɗa a hannun dama, jika a hannun hagu, ina za ta juya?

Ɗan, Balarabe, yana lambu yana ban ruwa.

"Wace wasiyya kuma, ranka ya daɗe? Ni ban taɓa ganin wata takarda ba. Rabona da ɗakin Baba tun ranar jana'iza."

Sufeto ya ji kamar an kulle shi a ɗaki ba taga. Ba takarda, ba mai magana, ga la'asar ta gabato. Ya nufi wurin liman Malam Habu, wanda ya rubuta wasiyyar.

"Allah gafarta Malam, me ke jikin takardar?"

"Bisimilla a sama, sai ayar wasiyya, sannan bayani da ajami. Ɗaya shaidan ya rasu bara, saura ni kaɗai."

"Balarabe ya zo wurinka?"

"Shekaranjiya. Tambaya ya yi, wai yaya ake yi da tsohuwar takarda mai aya. Na ce ba a yar da ita, a kawo ta a sa a buhun masallaci inda muke tara yagaggun warƙoƙi."

Sufeto ya miƙe zumbur. "Ina buhun?"

Suka zazzage shi kan tabarma. Can cikin tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani sai ga farar takarda a ninke, gefenta guda ya babbake.

Aka kira Balarabe. Yana ganinta ya zube a ƙasa.

"Wa ya ba ka mukulli?"

"Iya. Ce mata na yi carbin Baba zan ɗauko. Wallahi ba ta sani ba sai daga baya."

"Me ya hana ka ƙona ta?"

"Sau uku ina ƙyasta ashana, ranka ya daɗe. Da wuta ta doshi sunan Allah sai in kashe ta. Na kasa ƙonawa, na kasa yagawa, na kasa barci da ita a ɗaki. Shekara ashirin ina noma lambun nan, sai a yanki sulusi a ba yarinya?"

Sufeto bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya miƙa wa liman takardar, ya ɗaga Balarabe ya sa masa ankwa.

"Ka ji tsoron Allah a kan takarda, Balarabe, amma ba ka ji tsoronsa a kan 'yar ɗan'uwanka ba. Mu je mota."