Yatsa na Biyu a Takardar Muniratu

Zuera mai koko ce ta fara ba ni wannan labari, Allah ya ji ƙanta, kuma ita ba ta ƙari a magana. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Muniratu a unguwar Maamobi, a Accra.

Muniratu ta gaji gidan babanta, amma babu takarda ko ɗaya, don tsohon da baki ya karɓi filin wurin masu ƙasa. Kwatsam wani mai kuɗi ya ɓullo, wai filin nasa ne. Aka ce mata in ba ta yi rajista a ofishin filaye kafin ƙarshen wata ba, to ta fara ɗaure kaya.

Ta kira Zakaria safiyo ya auna gidan. A baya akwai wani lungu, taku uku, da tsohuwar rijiya an rufe ta da kwanon rufi. Babanta bai taɓa gini a wurin ba, ko ruwan wanki ba a zubawa. Yakan ce, "Wannan na waɗanda muka tarar ne."

Zakaria ya ja igiyar awo har bakin rijiyar.

"Mma, taku uku a Accra ai shago ne. Kyauta za ki bar wa ƙadangaru?"

Ta san bai kamata ba. Amma ta dangwala yatsa a takardar awon.

A ofis akawu ya turo mata takardar. "Maame, yatsa biyu nake gani. Ku biyu ne masu gidan? Je ki zo da ɗayan."

Ta duba. Kusa da nata ga wani, dogo, siriri, da danshinsa. Aka sake takarda, ya sake fitowa. Sau uku. Ta yi kuka a gaban akawun, ya ce shi doka yake bi.

Saura kwana biyu, ta sauko daga motar trotro ana kiran magariba. Ta shiga gida da takardar a hammata. Tsit. Ko rediyon maƙwabta babu. Sai warin laka, irin ta ƙasan rijiya.

Kwanon rijiyar ya motsa. Ƙiii.

Ta so yin addu'a, harshe ya ƙi.

Wani abu mai sanyi ya kama babban yatsanta na dama.

"'Yar Malam," in ji wata murya, can ƙasa-ƙasa. "Babanki ya tambaya. Ke ba ki tambaya ba."

"Ku yi haƙuri. Na mayar muku."

"Jiya taku uku ne. Zo ki ga na yau."

Aka ja ta. Ƙafafunta na tafiya ba da sonta ba. Taku huɗu. Bakwai. Goma. Suka wuce madafa. Suka tsaya a ƙofar ɗakinta, ɗakin da aka haife ta a ciki.

"Daga nan namu ne."

Aka sake ta, ta zube. Zuera ce ta tsince ta bayan isha'i, yatsan ya yi fari fat kamar ya kwana a ruwa. Takardar kuwa an ja mata layi da laka, ya raba gidan biyu. Yatsan nan na biyu ya koma can ɓangaren rijiya.

Rabin aka yi mata rajista da shi, kuma mai kuɗin bai sake waiwayar gidan ba.

Amma tun kafin a kai ga haka, washegari da asuba, Muniratu ta fito da gadonta tsakar gida, ta kira magini ya toshe ƙofar ɗakin da bulo. Ita ce ta riƙa miƙa masa, da hannun hagu.