Kiran da Mama Ba Ta Gane Ba

Ranar da suka fara haɗuwa, kuka take yi.

A ɗakin koyon harshe ne, can hawa na biyu, ɗakin da fankarsa ɗaya ta mutu, teburansa kuma duk an zane su da biro. Auta sabuwar shiga ce a jami'a, tana karanta hulɗar ƙasa da ƙasa haɗe da harshen Sifaniyanci. Malamar harshen, wata siririyar dattijuwa mai gilashi, tana rubuta kalmomin gaisuwa a allo, tana faɗa ɗalibai na maimaitawa. Sai ta zo kan wata: "Lo siento." Ta ce ana faɗinta in an taka wa mutum ƙafa, ana kuma faɗinta in za a yi masa ta'aziyya.

Auta ta miƙe ta fita, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

A kan matakala wani ɗan ajinsu ya same ta, ta haɗa kai da gwiwa. Dogon saurayi ne, sanye da wata tsohuwar kwat da ta yi masa yawa. Saboda kwat ɗin ne ma 'yan aji suke kiransa Jakada.

"Malama, ga jakarki," ya ce. "In harshen ne ya sa ki kuka tun yau, ki adana hawayen. Ni na faɗi darasin nan bara, na san inda ake kukan gaske."

Ba ta yi dariya ba. Ya zauna nesa kaɗan da ita, har ta gaji don kanta ta share fuska.

Sai da suka saba sosai sannan ta gaya masa dalili. Yayanta, babban ɗan gidansu, ya tafi neman aiki ƙetare tun tana sakandare. Ya kira ya ce za su hau jirgin ruwa, daga nan shiru. Bayan wani lokaci wata baƙuwar lamba ta kira wayar Mama. Muryar mace ce, tana ta magana da wani harshe. Mama tana "Na'am? Na'am?" har layin ya yanke. Kalma ɗaya ta riƙe, wadda matar ta yi ta nanatawa, kuma tun daga ranar take maimaita ta in tana wanke-wanke: ita ce "Lo siento" ɗin da malama ta faɗa a aji. Wani maƙwabci ya duba lambar ya ce daga ƙasar da ake Sifaniyanci take. Sun kira har sun gaji, ba ta sake shiga ba.

"Shi ya sa na zaɓi karatun nan," in ji Auta. "Ina so in an sake kira, a sami mai amsawa."

"Kin gaya musu abin da kalmar take nufi?"

Ta girgiza kai. "Baba har yau ba ya barin wayarsa ta mutu. Ko wanka zai shiga, tana kan taga. Da wane bakin zan gaya masa?"

Tun daga nan suka zama abokan karatu. Ita tana gyara masa nahawu, shi yana fayyace mata yarjejeniyoyin ƙasashe da dokokin teku, don a nan kansa yake ja. Bencin bayan laburare ya zama nasu. Wata rana da la'asar, tana cikin motar komawa gida, saƙonsa ya shigo:

"Autata, Malama ta ce a yi jimla da kalmar so. Na yi tawa, amma ba zan iya miƙa mata ba, don ba tata ba ce. Te quiero. In akwai kuskure ki gyara, in babu ki amsa."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta:

"Babu kuskure, Jakadana. Yau ka ci jarrabawa."

Sai dai farin cikin Auta kullum a bakin ƙofa yake tsayawa. Cikin gida shiru ne, sai ƙarar keken ɗinkin Baba daga ɗakin gaba, da tarin Mama, wadda hawan jini ya kama tun bayan tafiyar Yaya.

Da suka kai aji uku, Jakada ya zo gaishe da Baba. Ya durƙusa a tsakanin yadudduka da guntayen zare. Baba bai daina taka keke ba.

"In ka gama karatun nan, wane aiki za ka yi?"

"Aikin jakadanci nake fata, Baba."

"Wato yau wannan ƙasa, gobe waccan."

"Haka aikin yake, Baba."

Keken ya tsaya. "Yaro, ban ga aibunka ba. Amma na ba hanya ɗa ɗaya, ba ta dawo mini da shi ba. Ba zan ƙara mata ba. Tashi ka tafi, Allah ya haɗa ka da rabonka."

Baba yana da nasa zaɓin: mai kantin maganin da ke tsallaken titi, mutum mai natsuwa, wanda ke kawo wa Mama ƙwayoyinta har gida, ya kuma auna mata jini. Ba a tilasta wa Auta ba. Baba dai yakan ce, "Wannan ko tari kika yi a gidansa, ina jin ki daga nan."

A shekarar ne sashensu ya fitar da waɗanda za su je ƙetare su yi zangon karatu cikin masu harshen. Auta ce ta ɗaya, Jakada na ƙarshe. Da ta gaya wa Baba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ki je mana. In kin dawo kya tarar da kabarin uwarki." Washegari ta je ofis ta janye sunanta. Aka ba wata 'yar ajinsu gurbin, wadda ake kira 'Yar Kwalisa, mai dariya da kowa.

Ranar tafiyarsa suka tsaya a bakin ƙofar jami'a, motoci na wucewa.

"Ba ni lambar nan da ta kira Mama," ya ce.

"Me za ka yi da ita? Matacciya ce."

"Ba ni dai."

Ta ba shi. Ya ce, "Ki jira ni, Autata." Ta ce, "Ina zan je?"

Da farko saƙonninsa ba sa yankewa: sanyin garin, tsohuwar da yake haya a gidanta, yadda yake ce wa mai burodi "ranka ya daɗe" da Sifaniyancin littafi har mutane na dariya. Sannu a hankali suka fara gajarta. Ran hutu kuwa wayarsa a kashe. Ana nan sai 'Yar Kwalisa ta ɗora hoto a zauren ajinsu na waya: ita da shi a cikin jirgin ƙasa, kafaɗa da kafaɗa. Bayan mako ga wani, a bakin teku. 'Yan aji suka yi ta sa musu alamar zuciya.

Auta ta rubuta masa:

"Na ga hotuna. Teku ya yi muku kyau. Da ka gaya mini da bakinka, da na fi ganin mutuncinka."

Amsarsa ta zo:

"Ba abin da kike zato ba ne. Ba zan iya bayani yanzu ba. Ki yarda da ni kaɗan, don Allah."

Ta rubuta: "Na gaji da jiran mutanen da suka haye ruwa." Ta toshe lambarsa.

Ta rame, karatu ya daina shiga. Da mai kantin magani ya nemi ta fito su gaisa, ta fito. Ya yi mata maganar rumfar da zai ƙara a kanti, ita kuwa tana kallon titi. Mutumin kirki ne, ya lura. Ya ce, "Auta, ni maganin jiki nake sayarwa. Naki ba ya kantina." Bai sake nemanta ba, amma bai fasa kawo wa Mama ƙwayoyi ba.

Wata safiya baƙuwar lamba ta kira ta. 'Yar Kwalisa ce, kuma babu dariya a muryarta.

"Ke Auta, kin san wahalar da bawan Allahn nan ya sha kuwa? Duk hutu muna hanya, daga wannan garin bakin teku zuwa wancan, asibiti-asibiti. Ni ya roƙa in raka shi, don in mutanen nan suka saki baki ba ya kama rabi. Ya hana ni gaya miki, wai kada ya sa miki rai a banza. To mun same ta."

"Wa kuka samu?"

"Matar da ta kira mamarku. Nas ce, ta yi ritaya. Tana so ta yi magana da ku."

Auta ta ce su kira da yamma, lokacin da Mama da Baba suke tare.

Da yamma, da kiran bidiyo ya shigo, ta jingina wayar da kofin shayi a tsakar ɗaki. Mama na gefenta, Baba na tsaye a bakin ƙofa da awon ɗinki a wuya. Fuskar Jakada ta fito, ya rame shi ma. Ya gaishe su, ya matsa. Wata farar tsohuwa ta zauna, ta fara magana a hankali. Auta na fassarawa.

"Ta ce an kawo shi asibitinsu da rai, shi da wasu da aka tsamo daga ruwa. Ƙirjinsa ne ya kamu. Ta ce ya yi ta faɗa mata lambobi da yatsu har ta gane lambar waya ce. Ta ce... Mama, ta ce bai rasu shi kaɗai ba, tana riƙe da hannunsa. Akwai musulmin garin da suka yi masa sutura, suka yi masa salla. Ta ce ta kira ki da wayarta, ba ta san yadda za ta faɗa miki ba."

Mama ta matso da fuskarta kusa da wayar. Ta ce, "Gaya mata na gane muryarta. Gaya mata Allah ya saka mata."

Baba ya zare awon daga wuyansa. Ya juya ya shiga ɗakin gaba. Can suka ji muryarsa: "Wa ya aike shi? Ina zaune da sa raina, wa ya aike shi ya kashe mini ɗa?"

Aka yi zaman makoki, dangi suka zo suka watse. Auta ta buɗe lambar Jakada ta rubuta:

"Na zalunce ka. Ka yafe mini. Amma Baba ba ya son jin sunanka, ban san ranar da zai so ba."

Ya amsa:

"Ba ki yi mini komai ba, hasken idona. Ki bar Baba ya yi fushinsa, yana da gaskiya. Ni na iya maimaita aji."

Ya dawo, suka gama aji huɗu, Baba bai sauko ba. Jakada kan zo ya gaishe shi daga bakin ƙofa, a amsa masa da ka. Mama ce ta canja. Jininta ya sauka, ta koma cin abinci. Wata rana Auta ta ji tana ce wa Baba, "Malam, shekara da shekaru ban san addu'ar da zan yi wa yaron nan ba, ta mai rai ko ta mamaci. Yanzu na sani. Wanda ya yi mana wannan, ɗa ne."

Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Amma da Jakada ya sake zuwa, ya ce masa, "Shigo." Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya, "Ka ga kabarin da idonka?"

"Na gani, Baba. Na share shi, na yi masa addu'a."

"Akwai inuwa a wurin?"

"Akwai bishiya a kansa."

Baba ya cire gilashi ya goge ido da bakin riga. Ya ce, "Ka turo manyanka."

Ba a yi wani taro mai yawa ba. Aka ɗaura aure da hantsi, dangi da 'yan ajinsu suka cika ɗan tsakar gidan. Mai kantin magani ne ya yi ta jigilar kujeru, 'Yar Kwalisa kuwa ta hana kowa riƙe wa amarya mayafi sai ita.

Da za a tafi da Auta, ta durƙusa gaban iyayenta tana kuka. Baba ya ɗora hannu a kanta, ya kamo hannun angon ya haɗa da nata.

"Ga ta nan, ita kaɗai ta rage mini," ya ce. "Duk ƙasar da aiki ya kai ku, ku je, na yafe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, ya sa ku binne mu ba mu binne ku ba."

Tsakar gida ta amsa da amin.