Kifin Dije a Tashar Ɗan Issa

Da Dije ta san abin da ke jiranta a safiyar nan, da ba ta ɗaura wa babur ɗin Toma kifi ba. Mahaifinta, Malam Shu'aibu, ya ji abin a jikinsa. Yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin koma, ya ɗago kai ya ce, "Uwata, wannan ciniki bai kwanta mini ba." Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta yi dariya ta ce, "Baba, kai kullum cikin fargaba kake."

Ɗanyen kifin tabkin Madarunfa Dije ke sayarwa ta waya. Da sassafe takan je bakin ruwa ta ɗauki hoton abin da masunta suka kamo, ta sa a Watsaf. Wanda ya gani ya so sai ya yi komandi, wato ya ce a kawo masa, Toma ɗan kabu-kabu ya kai masa cikin akwatin ƙanƙara, ya karɓo kuɗi. Masunta suna ba ta kifi bashi ne saboda darajar ubanta, wanda ya tsufa a cikin ruwan nan kafin ciwon ƙirji ya fito da shi tudu.

Da hantsi saƙon murya ya shigo. Mace ce, wadda ta yi komandin karfasa da tarwaɗa cike da akwati don walima a Ɗan Issa.

"Ki yi haƙuri, 'yar uwa, an ɗaga walimar. Na fasa."

Dije ta kira lambar, a rufe. Sai ga kiran Toma.

"Na iso tasha, babu kowa. Ƙanƙara na narkewa. Inna Ɗelu ta ce in kawo ta rage mana asara."

Inna Ɗelu mai abinci ce a tashar Ɗan Issa, ƙawar marigayiya mahaifiyar Dije. Ta ɗauki kifin a ƙasa da rabin kuɗinsa, kamar yadda ta yi a baya, don wannan ba shi ne na farko ba, ba kuma na biyu ba. Kowane karo da sabuwar lamba, kowane karo sai kifi ya kama hanya ake fasawa.

Da la'asar Sarkin ruwa ya aiko. Masunta sun gaji da jin labarin an fasa. Idan aka sake, ba mai ƙara ba Dije ko ƙaya.

"Ki aje wayar nan," in ji Malam Shu'aibu. "Mutumin da ba ki ga idonsa ba, ba abokin ciniki ba ne."

"Wallahi ba ni ajewa, Baba. Ni ban cuci kowa ba. Wanda ya cuce ni shi zai aje."

Ya dube ta, ya ga babu alamar hawaye. Ya naɗe komarsa ya ce, "To kawo saƙonnin in saurara."

Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Lambobi daban-daban, sunaye daban-daban: yau Hajiya wance, gobe matar wane. Amma wanda ya shekara yana gane abokan sunsa da murya cikin duhun asuba ba ya ruɗewa da wannan. Murya ɗaya ce.

"Wannan ba canjin ra'ayi ba ne," ya ce. "Shiri ne."

Da Toma ya fara. Ya same shi a bakin kasuwa yana wanke babur.

"Toma, kai ke kai kifi, kai ke dawowa da labari. In wani ya ce da kai ake rabawa, mi za ka ce?"

Toma ya yar da tsumma. "Haba Baba! Ni da nake dawowa da guntun kuɗin mai? Ranar da aka fasa, ko ladana kunyar karɓa nake."

"Kunya ba shaida ba ce."

"To ga shaida. Fasawar da aka yi ranar Lahadi, ina majami'a a Maraɗi tun safe, kowa ya gan ni. Wani ɗan kabu-kabu ne daga Safo ya kai, abin da ya same ni shi ya same shi. Kuma Baba, sau nawa na ce wa Dije in juyo da kifin gida? Ita ce ke cewa kafin in iso ya lalace."

Malam Shu'aibu ya tambayi Dije, ta ce haka ne. Ya cire Toma daga ransa.

Sai Samira, wadda ita ma kifi take sayarwa ta waya, kuma ba sa ga maciji da Dije. Ta tarbe shi a zaure, hannu a ƙugu.

"Baba Shu'aibu, in ɗiyarka ta kasa, ta kasa. Kada a rataya mini."

"Ban rataya ba, tambaya nake. Wa zai ji daɗi in Dije ta bar sana'a, in ba ke ba?"

"Zan ji daɗi, ba ni ɓoyewa. Amma saurari wannan."

Ta kunna masa wani tsohon saƙo. Muryar nan ce dai, tana ba da haƙuri an ɗaga biki.

"Ni ma ta yi mini. Ɗan Issa ta ce a kai."

"Kika yi yaya da kifin?"

"Na ce a juyo mini da abina. Na kwana ina yi masa banda, na saida busasshe. Gara in zuba wa kyanwa da in ba wani a wulaƙance."

"Ta sake yi miki?"

"Ko sau ɗaya."

A hanyar gida ya riƙa juya maganar. Mai son kashe wa mutum sana'a ba ya dainawa don an juyo da kifi gida. Wannan ta daina ne don kifin bai tsaya a Ɗan Issa ba. Ke nan ba lalacewarsa ake so ba, kifin ake so, da araha. Sunan da ya zo masa a rai ya sa ya yi a'uzubillahi. Matar da ta yi wa matarsa wankan jego ba a zarginta da zato kawai.

Ranar kasuwa ya shiga motar Ɗan Issa. Bai je rumfar Ɗelu ba. Teburin Ɗan Baba mahauci ya nufa, wanda ke ba masu abincin tasha nama. Masunci da mahauci abokan wasa ne tun kaka da kakanni, ba a gaisuwa sai da tsiya.

"A'a! Ku toshe hanci, ga ƙarni ya iso!" in ji Ɗan Baba.

"Sarkin ƙudaje, har yanzu jakin da ya mutu ake saida wa bayin Allah?"

"Jakina ya fi kwaɗinku. Kai, ina da ƙara a kanka. Kifin ɗiyarka yana kashe mini kasuwa."

"Kifin da ake fasa saye?"

"Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, duk ranar da zai zo, Ɗelu ba ta ɗaukar nama. Ita ce babbar mai sayena. Tun da yamma za ta aiko a ce gobe kada in aje mata. Washegari sai in ga akwatinku, in ce to, ga abin da ya kore ni."

Malam Shu'aibu ya matso ya ce, "Tun da yamma?"

"Tun da yamma. Ɗelu ba ta yarda tsoka ɗaya ta kwana mata. Maƙo gare ta kamar masunci."

Malam Shu'aibu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "In ta sake aikowa, ka buga mini waya."

Da ya gaya wa Dije, ta tafa hannu. Ta ce, "Har turare na aika mata na godiya."

"Mu bar wa Allah, Uwata. Ki daina kai kifi Ɗan Issa, shi ke nan."

"Masunta suna ganin ni ce marar wayo, wasu suna cewa ni ke cinyewa. In na yi shiru, maganarsu ta tabbata. A gaban mutane aka ci kifina, a gaban mutane za a faɗi yadda aka ci shi."

Ba a jima ba sabon komandi ya shigo, sabuwar lamba, muryar nan. Wai sunan jika ne. Dije ta amsa da fara'a. Kafin magariba Ɗan Baba ya kira: "Mai ƙarni, an kore ni gobe."

Washegari Dije ba ta ɗauki ko kifi ɗaya ba. Ta ba Toma akwati da ƙanƙara zalla, ta ce ya biyo baya. Ta aika wa mai komandi cewa kaya sun taso, sannan ita da mahaifinta suka shiga motar farko. A Ɗan Issa Malam Shu'aibu ya roƙi Sarkin tasha ya raka su karin kumallo.

Rumfar Ɗelu cike take. Shinkafa ta nuna. A kan murhu miya ce ke tafasa, ja wur, da daddawa da citta, babu nama babu kifi a ciki. Gefe ga lemun tsami an yayyanka cikin kwano, ga garin shafe kifi, ga mai a kasko yana jira.

"Lale da Malam! Dije ɗiyata, ke ce da kanki?" Murmushin Ɗelu ya tsaya a leɓe.

"Mu ne, Inna," in ji Dije.

Malam Shu'aibu ya zauna kan benci kusa da wani direba. "Ɗan uwa, ba ka ci ba?"

"Kifi muke jira. Inna ta ce yau na Madarunfa ne, yana hanya."

"Ɗelu, zuba mini shinkafa da nama."

"Yau babu nama, Malam."

"To kifin wa ake jira? Kin yi komandi wajen Dije?"

"Ban yi ba."

"Wajen Samira?"

Ɗelu ta juya miya. "Kifi ai ba ya rasa zuwa tasha."

A daidai nan wayar Dije ta yi ƙara. Ta ɗaga ta sama, ta buɗe saƙon kowa na ji: "Ki yi haƙuri, 'yar uwa, mai jego ba lafiya. Na fasa."

Sai ga Toma ya tsaya da babur. Dije ta kwance akwatin da kanta, ta kifar da shi a gaban murhu. Ƙanƙara ta watse a ƙasa.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Shu'aibu ga Sarkin tasha, "yanzu a gabanka aka fasa cinikin nan. Amma tun jiya da yamma Ɗelu ta sallami mahauci, ga Ɗan Baba can a tambaye shi. Tun asuba ta yanka lemun tsami, wanda ba a wanke nama da shi. Ta gaya wa direbobi kifin Madarunfa na zuwa, alhali ba ta saya ba. Mai taimako yakan ji labarin asara bayan ta faru. Wanda ya ɗora tukunya tun kafin ta faru, da shi aka shirya ta. Da ta riƙa sayen namanta kullum kamar kowa, da har gobe muna yi mata godiya. Tsoron asarar nama ne ya tona ta."

Sarkin tasha ya ce, "Ɗelu, mi za ki ce?"

Ta jefar da ludayi. "Na sata ne? Da kuɗina na saya! Yarinya ta zauna a ɗaki tana latsa waya, ta tsuga wa kifi kuɗin da mu masu tsayuwa gaban wuta ba mu iyawa. Na nemo hanyar da zan saya daidai ƙarfina. Wa na sa wa wuƙa?"

"Da kin ce mini ya yi miki tsada, Inna, da na rage miki saboda uwata," in ji Dije. "Kin zaɓi ki sa a kira ni maƙaryaciya a bakin ruwa. To ki ji: ban bar sana'a ba, ba kuma zan bar Ɗan Issa ba. Daga yau duk mai son kifina zai ba da rabi kafin ya hau babur. Ke kuma ko kin ba da duka ba ki samu."

Direbobi suka fara miƙewa ɗaya-ɗaya, suka bar kwanoninsu. Sarkin tasha ya ce Ɗelu za ta cika wa masunta abin da ta rage musu, in ta ƙi a kai maganar wajen jandarmomi. Ya kuma aika wa Sarkin ruwa labarin abin da ya gani da idonsa. Washegari da asuba masunta suka cika wa Dije akwati, ba wanda ya ɗaga mata murya.

Abu ɗaya ne Ɗelu ta ƙi faɗa. An tambaye ta a tasha, an tambaye ta a gaban 'yan uwanta, ta ce ko za a yanka ta ba ta ambaton suna. Lokacin da saƙon ƙarshe ya shigo tana tsaye gaban murhu, babu waya a hannunta. Wata ce ta aiko shi. An kunna muryar ga mutanen Ɗan Issa da na Madarunfa, ba wanda ya ce ya gane ta. Har yau ba a san ko wace ce ba, ba a kuma san ko ta daina ba.